TALAUCI BA ƊAYA BA NE A KO'INA: ME YA SA WANI GARI YA FI WANI WAHALA?



Duk wanda ya taɓa tashi daga Bazaga da rani, ya je Ƙonni, ya bi kwalta zuwa Tsarnawa da Malbaza da Galmi, ya ga abin da za mu yi magana a kai yau. A wani gari za ka tarar da garake kore shar, da buhunan albasa jere a bakin hanya, da samari suna lodi. Ka saki kwalta ka yi tafiyar awa ɗaya a amalanke, sai ka shiga garin da babu kowa sai tsofaffi da mata da yara. Majiya ƙarfi duk sun tafi cin rani, rumbuna kuwa sun kusa ƙarewa tun watan Maris. Ƙasa ɗaya, jiha ɗaya, harshe ɗaya, amma zaman ba ɗaya ba.

Mu da muke zagaya azuzuwan yaƙi da jahilci muna ganin wannan bambanci kowace shekara. Me ke kawo shi? Yaya hukuma take auna shi? Me ya rage a hannunmu?

WANE NE TALAKA A WURIN MASU LISSAFI?

A ƙauye mun san talaka ba sai an gaya mana ba. Shi ne wanda hatsinsa ba ya kai shi damina, ba ya da ko akuya, kuma yakan bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani domin ya samo abin da za a ci da dare.

Hukuma tana da nata ma'auni. Akwai ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, wadda ake kira INS, a Yamai. Lokaci-lokaci takan aika ma'aikatanta gida-gida. Suna tambayar abin da iyali suka ci a cikin mako, na gona da na kasuwa. Suna tambayar kuɗin tufafi, da na magani, da na makaranta, da na ruwa da itace. Daga nan sai su mai da kome kuɗi, su raba da yawan mutanen gidan.

A binciken shekarar 2018 zuwa 2019 an zagaya gidaje kimanin 6.000 a duk faɗin Nijar. An ja iyaka a kan kusan jika 182 ga mutum ɗaya a shekara. In an raba, kusan dala 100 ke nan a rana, ci da sha da sutura da magani duka. Wanda abin da yake samu bai kai haka ba, shi ne talaka a lissafin hukuma na wancan lokaci. A wancan lokaci ke nan, gida mai mutum 8 sai da abin da ya kai jika 4 kowace rana kafin ya haye wannan iyaka.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

A shekarar 1993, cikin kowane mutum 100 na Nijar, 63 talakawa ne. A binciken 2007 zuwa 2008 sun koma kusan 60. A 2011 sun koma 48. A binciken 2018 zuwa 2019 sun koma kusan 41. Ashe an samu ragi, ko da yake jama'a ta ƙaru ƙwarai a cikin waɗannan shekaru.

Amma wannan 41 na ƙasa ne baki ɗaya. Da aka duba jiha-jiha, ga yawan talakawa cikin kowane mutum 100:

Yamai: 7
Agadas: 15
Difa: 34
Tawa: 36
Tilaberi: 42
Maraɗi: 46
Damagaram: 48
Doso: 48

Ku dubi na farko da na ƙarshe. A Yamai mutum 7 ne, a Doso 48. Ya kusa ninki bakwai. Haka kuma tsakanin birni da ƙauye: a birane talakawa 12 ne cikin 100, a karkara kuwa 47. Talaucin Nijar a ƙauye yake zaune.

Akwai abin mamaki a cikin wannan jeri. Jihohin da suka fi samun ruwan sama, suka fi noma hatsi da wake, su ne suka fi yawan talakawa. Agadas da take cikin hamada tana kusa da Yamai. Dalili kuwa shi ne, mutanen Agadas ba su da yawa, kuma da yawansu a birane suke zaune, kamar Agadas da Arlit, inda akwai ma'adinai da fatauci da aikin albashi. A kudu kuwa jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, kuma kusan kowa da damina ɗaya ya dogara.

Kada mu ce jiharmu ta Tawa ta tsira domin tana da 36. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 300 a jihar Tawa. Ko da wannan tsohon adadi muka yi lissafi, 36 cikin 100 ya haura mutum miliyan ɗaya.

LISSAFIN JIHA YANA ƁOYE GARURUWA

Adadin jiha tamkar furar da aka dama a ƙwarya ɗaya ne. Wanda ya kawo nono da yawa da wanda ya kawo ruwa, duk an gauraya.

Ga misali. A ce akwai garuruwa biyu, kowanne yana da mutum 100. A na farko talakawa 20 ne, a na biyu 60. In an haɗa, talakawa 80 ne cikin mutum 200, wato 40 cikin 100. Wanda ya karanta 40 a takarda zai ɗauka garuruwan daidai suke. Alhali kuwa babu garin da yake da 40. Ɗaya yana da sauƙi, ɗaya yana cikin wuya.

Haka 36 na jihar Tawa yake. A cikinsa akwai birnin Tawa da kasuwar Ƙonni. Akwai masu albasa na Galmi. Akwai makiyayan Abalak da Cintabaraden. Akwai kuma ƙauyukan tudu da ba su da rijiya mai kusa. Ko a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kamar Bazaga ko Allela ko Tajaye, garin da yake da fadama ba ya zama ɗaya da garin da yake kan fako. Ko a gari ɗaya ma, akwai masu hali, akwai masu dama-dama, akwai talakawa, akwai talakawa talak.

ABUBUWA BIYAR DA KE KAWO BAMBANCI A YANKINMU

Na ɗaya, ruwan rani. Wannan shi ne babba. Manomin tudu yana girbi sau ɗaya a shekara. Manomin da yake kusa da ruwa yana girbi sau biyu. Gulbin Majiya ya ratsa yankinmu. A kansa aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda suke shayar da filin noman Ƙonni mai faɗin hekta sama da 2.400. An gina wannan fili daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980. Galmi ma tana da madatsarta da filinta. Iyalin da ya samu ko ƴar ƙaramar gona a irin wannan wuri yana da abin sayarwa a lokacin da rumbun maƙwabcinsa yake ƙarewa. Sai dai madatsa ma tana tsufa. Yashi da laka da ruwa yake kwasowa daga tudu suna cika ta sannu a hankali, ruwan rani yana raguwa. Ashe zaizayar tudu ba masu tudu kaɗai take cuta ba.

Na biyu, irin ƙasa. Fadama tana riƙe ruwa. Jigawa tana ba da hatsi in an ba ta taki. Fako kuwa ruwa ba ya shigarsa, gudu yake yi ya wuce. A tuddan Adar, wajen Illela da Badagishiri, fako yana da yawa. Mutum biyu suna iya samun gona mai faɗi ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka musu, wannan ya ɗaure dami 40, wancan bai kai 10 ba.

Na uku, hanya da kasuwa. Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kodibuwa da Benin. Manyan motoci suna lodi a Galmi da Tsarnawa domin kwalta ta bi ta nan. Malbaza tana da masana'antar siminti tun shekarun 1960, da ƴan ayyukan da suke rataye da ita. Manomin da yake bakin hanya yana jin farashi, yana zaɓen mai saye. Wanda yake nesa, kuɗin amalanke da na mota suna cinye ribarsa, kuma abin da ɗan kasuwa ya yanka masa shi zai karɓa. In ya zo saye ma, shi ne yake saye da tsada.

Na huɗu, iyaka. Ƙonni tana kallon Illela ta Najeriya, hanya kuma ta miƙe har Sakkwato. Dabbobi da wake suna ƙetarawa, kayan masarufi suna shigowa, samari suna zuwa neman kuɗi. Wannan alheri ne, amma ba a hannunmu yake ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A waɗannan lokuta masu dako da ƴan kabu-kabu da masu sayar da abinci a tasha sun sha wuya. Haka in darajar naira ta faɗi, kuɗin da ɗan cin rani ya aiko gida ba ya sayen abin da yake saye a da.

Na biyar, yawan baki da ƙarancin gona. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma suka raba. Binciken 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7 a rayuwarta. Na 2021 ya nuna kusan 6. Inda jama'a ta fi cunkoso, gona ba ta samun hutu, ƙarfinta yana raguwa. Wannan yana cikin abin da ya sa Maraɗi, duk da nomanta da kasuwancinta, take da talakawa da yawa.

YADDA TALAUCI DA CIWO SUKE RIƘE DA JUNA

A garin da babu noman rani, shekara takan tafi kamar haka. Da kaka manomi yana da bashi, ga haraji, ga biki. Sai ya sayar da hatsi da wake a lokacin da suka fi araha. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare, sai ya sayi hatsin nan da tsada. Domin ya samu kuɗin saye, sai ya tafi barema. Kafin ya dawo, ciyawa ta ci gonarsa. Kaka ta zo da ɗan kaɗan, bashi ya ƙaru. Wata shekara sai a jinginar da gona.

A daidai waɗannan watanni ne sauro yake yawa. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kama yaran da dama ba su ƙoshi ba. Yaro ya rame, tamowa ta kama shi. Uwa ta bar aiki tana jinya. In gidan likita yana da nisa, sai a jinkirta, sai ciwo ya yi tsanani a sayar da akuyar da ta rage. Ciwo ɗaya yana iya mai da mai dama-dama talaka.

Saboda haka nisan gari da gidan likita, da nisansa da ruwa mai tsabta, suna cikin abin da ke raba gari da gari. Matar da take kwashe rabin yini wurin ɗibar ruwa ba ta da lokacin sana'a.

Akwai abubuwan da suke rage wannan asara. Tun 2006 hukuma ta yafe kuɗin ganin likita ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da kuɗin awon ciki. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi da damina, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Ana shan sa kwana uku a jere. Wanda ya ba da na rana ɗaya ya ajiye sauran, bai kare ɗansa ba. A kwana cikin gidan sauro. A riƙa auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launi uku. In ya nuna kore, lafiya. In ya nuna rawaya, a kai shi a duba. In ya nuna ja, ko ƙafafunsa sun kumbura, a tafi gidan likita ran nan, kada a kwana.

WURI YANA IYA CANZAWA

Kada wani ya ce haka Allah ya yi garinmu, haka zai tabbata. Lissafi da kansa ya nuna wuri yana hawa, yana kuma sauka.

A binciken 2007 zuwa 2008, Difa tana cikin jihohin da suka fi sauƙi. Talakawanta ba su kai 20 cikin 100 ba, albarkacin tattasai da kifi da kiwo. Daga 2015 rikicin Boko Haram ya shiga jihar. Mutane suka bar gonakin bakin Komadugu da tsibiran tafkin Cadi, kasuwanni suka tsaya. A binciken 2018 zuwa 2019 Difa ta kai 34. Zaman lafiya shi ne uwar dukiya. Maraɗi kuwa, da take sama da 70 a wancan lokaci, ta sauko zuwa 46.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Illela. Bayan farin 1984, fako ya cinye gonaki da yawa a can. A shekarar 1989 wani shirin raya karkara, da tallafin asusun FIDA, ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso. A can suka ga yadda manoma suke haƙa ramuka a kan fako, suna zuba taki, suna shuka a ciki. Mutanen can suna kiran ramukan zai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka raya wannan dabara shi ne Yakuba Sawadogo, wanda ya samu babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Da manoman Illela suka dawo, suka gwada a kan ƴan hekta kaɗan. Mu tassa muke kiranta. Daminar 1990 ba ta yi kyau ba, amma gonakin tassa suka ba da hatsi. Maƙwabta suka gani da idonsu. Cikin shekaru kaɗan aka raya dubban hekta, har fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

ABIN DA YAKE HANNUNMU

Madatsa da kwalta aikin hukuma ne. Amma ga abin da gari yake iya farawa da kansa.

Tassa. Da rani ake haƙa ta. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, taki ɗaya na tafiya tsakanin rami da rami. A tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare domin ta tare ruwa. A zuba takin gida cikin hannu biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. In ruwa ya sauka sosai, sai a shuka. Hekta ɗaya tana ɗaukar rami kusan 10.000. Aiki ne mai nauyi, shi ya sa gayya ta fi dacewa da shi. Inda gangare ya fi faɗi, a yi rabin wata ko a jera duwatsu.

Sassaben zamani. In ana sharar gona, kada a tumɓuke kowane toho. A zaɓi mai ƙarfi a bar shi, a datse sauran. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana shuka rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ajiya. Wake yana daɗewa a buhu mai riɓi uku in an ɗaure shi iska ba ta shiga, ba sai an sa magani ba. Albasa in ta bushe da kyau aka sa ta a rudu mai iska, tana jiran lokacin da kasuwa ta tashi. Inda akwai bankin cimaka, a riƙe shi da amana, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Asusu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun fara a Maraɗi a 1991, da zubin ƴan kuɗi kaɗan kowane mako. Yau sun bazu a ƙasashe da dama. Matar da take da asusu ba ta sayar da akuyarta da araha ranar da yaro ya kwanta.

IN MASU ƘIDAYA SUN ZO

Hukuma da ƙungiyoyi ba su da abin da zai ishi kowa. In za a sayar da cimaka da rahusa, ko a gina rijiya, ko a buɗe gidan likita, takarda ake dubawa a ga inda wuya ta fi tsanani. Garin da ba a san halinsa ba, ana iya tsallake shi.

Saboda haka muna roƙon abu uku. In ma'aikatan bincike sun zo, mu gaya musu gaskiya. Wanda ya ɓoye talaucinsa domin kunya ya cuci garinsa, wanda ya ƙara gishiri kuma ya cuci garin da ya fi shi bukata. In an zo rubuta mabukata, a yi a bainar jama'a, a fara da gwauraye mata masu marayu da tsofaffi da naƙasassu, ba da dangin masu faɗa a ji ba. Sa'an nan kowane gari ya samu littafi. Waɗanda suka iya rubutu su rubuta damin da aka samu bana, da watan da rumbuna suka ƙare, da yawan waɗanda suka tafi cin rani, da yaran da aka kai gidan likita saboda tamowa. Wakilin gari da ya je ofishin ƙaramar hukuma da irin wannan littafi, maganarsa ta fi ta mai kuka da baki nauyi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. A garinku, gida nawa cikin 10 hatsinsu yake kai su sabuwar kaka?
2. Cikin abubuwa biyar da muka lissafa, wanne ya fi damun garinku?
3. Akwai fako kusa da ku da za a iya yi wa tassa da ranin bana? Su wa za su shiga gayyar?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba yaranmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.